Ƙirga Tukuna, Sannan Ka Yi Gardama

Ƙannena maza da mata da ke karatun tattalin arziki a jami'o'i da kwalejoji, da ku da ke shirin shiga, kun dai ga yadda ake yi duk lokacin da maganar mafi ƙarancin albashi ta taso. Kafin a kai ko'ina kowa ya riga ya yanke hukunci. Wannan ya rantse cewa in an ƙara albashi kamfanoni za su kori ma'aikata, wancan ya rantse cewa babu abin da zai faru sai alheri. A rediyo haka, a majalisar shayi haka, har a ɗakin lacca ma sau da yawa haka. Da wuya ka ji wani ya ce: tsaya, wa ya je ya ƙirga? Saboda wannan nake so in ba ku labarin wani malamin jami'a da ya shafe fiye da shekara 40 yana bin sawun albashi da aikin yi, yana tambayar dalilin da ya sa wani ke samun ninkin abin da wani ke samu. Sunansa David Card.

An haife shi a 1956 a yankin Guelph na lardin Ontario a Kanada, kuma ya tashi ne a gonar iyayensa inda ake kiwon shanun madara. Da ya shiga Jami'ar Queen's, kimiyyar fiziks ya fara karantawa kafin ya koma tattalin arziki, ya gama digirinsa na farko a 1978. Daga nan ya tafi Jami'ar Princeton a Amurka, ya samu digirin digirgir a 1983 a hannun Orley Ashenfelter, malamin da ya shahara da nacewa a kan cewa duk maganar da aka yi game da ma'aikata sai an kawo mata hujja daga alƙaluma. Ya koyar a Princeton shekaru da dama, sannan a 1997 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A 2021 aka ba shi rabin lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki, Joshua Angrist da Guido Imbens suka raba ɗaya rabin.

Ba lambar yabon ce ta sa na kawo muku shi ba. Abin da nake so ku duba shi ne yadda ya yi aikin, da abin da aikin ya jawo masa.

A zamanin da Card ya shigo fagen, littattafan koyarwa sun gama magana a kan mafi ƙarancin albashi. Lissafin mai sauƙi ne: ƙwadago haja ce kamar kowace haja, in farashinta ya hau sai masu saye su rage saye. Saboda haka in gwamnati ta tilasta ƙarin albashi, talakan da ake son taimakawa shi ne zai rasa aiki. Mafi yawan masana sun yarda da haka, kuma ana koyar da shi kamar yadda ake koyar da cewa biyu da biyu huɗu. Matsalar ita ce tabbatar da shi a zahiri yana da wuya. In aka ƙara albashi a bana, aikin yi ya ragu a baɗi, ta yaya za ka san ƙarin ne ya jawo, ba karyewar kasuwa ba ko tsadar mai ko wani abu daban? Mai binciken magani yana iya raba marasa lafiya gida biyu, ya ba waɗannan ya hana waɗancan, ya ga bambanci. Masanin tattalin arziki ba shi da ikon raba ƙasa gida biyu.

Sai dai wani lokaci duniya da kanta takan yi masa rabon. Jihar New Jersey ta yi doka cewa daga ranar 1 ga Afrilu, 1992, mafi ƙarancin albashi zai tashi daga dala 4.25 zuwa dala 5.05 a kowace awa, ƙarin kusan kashi 19 cikin 100. Maƙwabciyarta Pennsylvania kuwa ta tsaya a kan dala 4.25. Card da abokin aikinsa Alan Krueger suka ga dama ta samu. Kamar gonaki biyu ne da ke haɗa iyaka, ƙasarsu iri ɗaya, ruwan sama ɗaya ke sauka a kansu, aka sa wa ɗaya taki aka bar ɗayar; bambancin da ya fito a kaka kana da hujjar jingina shi ga takin. Suka zaɓi gidajen sayar da abinci irin su Burger King da KFC da Wendy's da Roy Rogers, domin a nan ne aka fi samun masu karɓar albashi mafi ƙanƙanta.

Ku lura da kyau da abin da suka yi, don a nan darasin yake. Ba su jira doka ta fara aiki sannan su zo suna tambayar mutane yadda abubuwa suke a da ba, domin ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana gyara labari. Tun a watannin Fabrairu da Maris, kafin ƙarin, aka riƙa buga wa manajojin gidajen abincin waya ɗaya bayan ɗaya: ma'aikata nawa kuke da su na cikakken lokaci, nawa ne na rabin lokaci, nawa ake biyan sabon ɗauka, nawa ne kuɗin lemo da soyayyen dankali. Aka samu amsa daga gidaje 410, wato 331 a New Jersey da 79 a gabashin Pennsylvania. A watannin Nuwamba da Disamba aka sake komawa kansu. Waɗanda ba a same su a waya ba, ba a share sunansu an wuce ba. An tura mutum ya je har ƙofarsu ya gani ko suna nan ko sun rufe. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma shi ne ginshiƙin binciken. Da a ce waɗanda ba su ɗauki waya ba su ne waɗanda ƙarin albashin ya durƙusar, aka kuma bar su a waje, da sakamakon gaba ɗaya ya zama ƙarya mai kama da gaskiya.

Da aka tattara, matsakaicin yawan ma'aikata a kowane gida a New Jersey ya tashi daga kimanin 20.4 zuwa 21, a Pennsylvania kuwa ya sauka daga kimanin 23.3 zuwa 21.2. Wato ba a ga korar da littafi ya yi alkawari ba. An dai ga farashin abinci ya ɗan fi hawa a New Jersey, da kimanin kashi 4 cikin 100, alamar cewa masu saye sun ɗauki wani ɓangare na nauyin. Suka buga sakamakon a mujallar American Economic Review a 1994, sannan a 1995 suka fitar da littafi mai suna Myth and Measurement da ya tattaro wannan da sauran bincike irinsa.

Sai ƙura ta tashi. Manyan masana suka yi musu ca a jaridu. James Buchanan, wanda shi kansa ya karɓi Nobel, ya rubuta kakkausan suka a jaridar Wall Street Journal, yana ganin yarda da irin wannan sakamako daidai yake da watsi da tushen ilimin baki ɗaya. Wasu suka zarge su da yi wa 'yan siyasa aiki. Shekaru bayan haka Card ya faɗa a wata hira cewa ya janye daga binciken mafi ƙarancin albashi, kuma ɗaya daga cikin dalilansa shi ne abin ya raba shi da abokai da yawa, waɗanda suka ɗauke shi a matsayin wanda ya ci amanar fannin. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Mutum bai zagi kowa ba, bai saci komai ba, ya dai je ya ƙirga ya faɗi abin da ya gani, sai abokansa suka juya masa baya. Duk wanda zai shiga wannan aiki ya sani tun yanzu cewa maganar albashi maganar aljihun mutane ce, kuma duk amsar da ka fito da ita akwai wanda za ta ɓata wa rai.

Amma a cikin masu sukan akwai waɗanda suka yi abin da ya dace, kuma su ma ina so ku yi koyi da su. David Neumark da William Wascher ba su tsaya ga faɗa ba. Suka ce amsar waya tana da kurakurai, bari mu nemo takardun biyan albashi na wasu gidajen abinci a yankin. Da suka yi nasu lissafin sai suka ga aikin yi ya ragu a New Jersey. Card da Krueger ba su ce hassada ce ba. Suka koma suka nemo bayanan da ma'aikatu ke miƙa wa hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka, suka sake lissafi daga farko, suka ga ƙarin albashin bai rage aikin yi ba, kodayake wannan karon sun fi sassauta magana game da cewa ya ƙara shi. An buga sukan da martanin tare a mujalla ɗaya a shekarar 2000, kowa ya karanta ya auna. Haka gardamar masu ilimi ya kamata ta kasance: ka kawo alƙalumanka, in kawo nawa, mu nuna wa jama'a inda muka samo su.

To me ya sa ƙarin bai jawo kora ba? Bayanin da ya fi karɓuwa tsohon bayani ne da Joan Robinson ta Ingila ta yi tun 1933. Lissafin littafi yana ɗauka cewa in ubangidanka ya rage maka sisi, gobe za ka koma wani wuri a biya ka daidai. A rayuwa ba haka abin yake ba. Neman sabon aiki yana cin lokaci, wurin da ya fi biya yana da nisa, akwai yara da za a kai makaranta, akwai tsoron zaman banza. Wannan yana ba mai ɗaukar aiki ikon biyan ƙasa da abin da ma'aikacin ke samar masa. A irin wannan hali, ƙarin albashi madaidaici yana rage ribar mai gida ne, yana kuma sa ma'aikata su daina gudu, guraben da suka daɗe babu kowa su cika. A 2019 Arindrajit Dube da abokan aikinsa suka bi ƙarin albashi 138 da jihohin Amurka suka yi, suka ga yawan ayyukan masu ƙaramin albashi kusan bai motsa ba. Neumark kuwa har yanzu yana kan bakansa, yana kuma kawo hujjojinsa.

A nan zan ja kunnenku sosai. Kada wani ya karanta wannan ya fita yana cewa wani Bature mai Nobel ya tabbatar ƙarin albashi ba ya kore kowa. Card bai faɗi haka ba. Ya yi magana ne a kan ƙarin kashi 19 cikin 100, a gidajen abinci, a jiha guda, a shekara guda. Bai ce a ninka albashi sau uku a ga ko wani abu zai faru ba. Mai ɗaukar sakamakon bincike ya mai da shi taken zanga-zanga ya yi wa binciken illa daidai da wanda ya ƙi karanta shi.

Kafin New Jersey ma ya riga ya yi irin wannan aiki a kan baƙin haure. A 1980 gwamnatin Fidel Castro ta buɗe tashar jirgin ruwa ta Mariel ga duk mai son barin Kyuba, kuma cikin 'yan watanni mutum kusan 125,000 suka tsallaka zuwa Amurka. Kimanin rabinsu suka zauna a Miami, yawan ma'aikata da masu neman aiki a birnin ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100 kusan dare ɗaya. Kowa ya zaci albashin leburorin gari zai faɗi. Card ya kwatanta Miami da Atlanta da Houston da Los Angeles da Tampa, ya buga a 1990 cewa bai ga wata faɗuwa ta a zo a gani ba, ko a albashi ko a samun aiki. Ya kuma yi bayanin cewa Miami birni ne da masana'antunsa, irin su na ɗinkin tufafi, suka saba karɓar baƙi, don haka kada a ɗauka ko'ina haka zai kasance. Bayan fiye da shekara 20 George Borjas na Harvard ya sake duba alƙaluman, ya ware mazan da ba su gama sakandare ba, ya ce su kam albashinsu ya faɗi ƙwarai. Wasu suka amsa masa cewa mutanen da ya ware ƙalilan ne a cikin bayanan, ba su isa a gina hukunci a kansu ba.

Sashen aikinsa da ba a cika ambata ba shi ne ya fi taɓa tambayar da ke ci wa matasa tuwo a ƙwarya: me ya sa tazarar albashi ke ta faɗaɗa? A Amurka tazarar ta buɗe sosai a shekarun 1980, kuma bayanin da ya yi tashe shi ne kwamfuta ce ta ɗaga darajar masu ilimi ta kayar da ta marasa shi. A 2002 Card da John DiNardo suka nuna cewa lissafin bai cika ba, domin a shekarun 1990 kwamfuta da intanet sun fi bazuwa, amma faɗaɗar tazarar ta lafa. Suka ja hankali ga wasu abubuwan, musamman yadda mafi ƙarancin albashin tarayya ya tsaya cak a kan dala 3.35 daga 1981 har zuwa 1990 hauhawar farashi tana cinye shi. A wasu ayyukan kuma Card ya auna rawar da raunin ƙungiyoyin ƙwadago ya taka. Daga baya shi da Jörg Heining da Patrick Kline suka bi bayanan miliyoyin ma'aikatan yammacin Jamus daga 1985 zuwa 2009, suna kallon abin da ke faruwa da albashin mutum in ya bar wannan kamfani ya koma wancan. Suka ga mutum ɗaya, da ilimi ɗaya da hannu ɗaya, albashinsa yana hawa ko sauka gwargwadon ƙofar da ya shiga, kuma bambancin da ke tsakanin kamfanonin yana ƙara girma. A Fotugal shi da Kline suka yi irin wannan bincike tare da Ana Rute Cardoso, suka ga kusan kashi ɗaya cikin biyar na tazarar da ke tsakanin maza da mata yana fitowa ne daga kamfanoni: mata sun fi taruwa a waɗanda ba sa biya da kyau, kuma ko a masu biya da kyau rabonsu bai kai na maza ba. Wannan ya kamata ya sa ku yi hattara da yi wa mai ƙaramin albashi hukuncin lalaci.

Yanzu ku juyo gida. A Najeriya mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a watan Yulin 2024, a lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Amma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna ɓangaren da babu takardar ɗauka, babu fansho, babu mai duba nawa ake biya. Ku fita da sassafe ku ga leburorin da ke zaune a bakin titi, kowa da shebur ko diga a gefensa, suna jiran motar da za ta tsaya a ce ana son mutum huɗu. In ta tsaya mutum ashirin ne za su taso, a yi ciniki a tsaye cikin minti biyu, wanda bai karya kumallo ba shi zai fara sassautowa. Wannan ita ce kasuwar ƙwadagonmu, kuma dokar Abuja ba ta san da zamanta ba. Amsar New Jersey ba za ta yi muku aiki a nan ba. Hanyar da aka bi aka samo ta ce za ta yi.

Kuma abin da ke damuna shi ne irin damar da Card ya samu sau biyu, mu tana zuwa mana kusan kowace shekara tana wucewa. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013: ina dubban matasan suka koma, nawa suke samu a da, nawa suka koma samu? Rikicin Boko Haram ya tura ɗimbin 'yan gudun hijira cikin Maiduguri: me ya faru da kuɗin lebura da na ɗan dako da na mai wankau a garin? An rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024: yaya masu lodi da direbobi suka kasance a Jibiya da Illela da Maigatari, da takwarorinsu na Maraɗi da Birnin Ƙonni? Bayan dokar 2024 jihohi sun ɗauki adadi daban-daban a lokuta daban-daban, Legas 85,000, Kano 71,000. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana iya zama aikin digiri na biyu ko na uku, kuma ku da kuke jin harshen mutanen, kuka san yadda ake gaishe su, kun fi kowane baƙo damar yin ta.

Sai dai ku shirya. Kada ku guji darasin lissafi da ƙididdiga, don su ne kayan aikin. Wanda ya haddace nazariyya bai iya auna ta ba, zai ƙare yana maimaita maganar wasu. Ku koyi sarrafa alƙaluma a kwamfuta, manhajar R kyauta ce. Hukumar ƙididdiga tare da Bankin Duniya suna bin gidaje guda a faɗin Najeriya suna sake ziyartarsu tun 2010, kuma ana iya sauke bayanan ta intanet. Ku riƙa tambayar yadda aka ƙirga kafin ku ɗauki adadi. Rashin aikin yi da aka ce kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020 ya koma kashi 4.1 a farkon 2023, ba don an buɗe masana'antu ba, sai don an sauya ma'auni, aka koma lissafa wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a cikin masu aiki. Wanda bai san wannan ba zai jera lambobin biyu ya yi shelar abin da bai faru ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da na san ba baƙuwa ba ce a wurinku. Ɗalibi ya buga takardun tambayoyi ɗari biyu, ya zauna a ƙarƙashin bishiya da abokansa uku da biro kala-kala, su cike su kafin la'asar, ya kai wa malami. Wannan cin amana ne, kuma wanda aka ci amanarsa shi ne leburan nan na bakin titi da aka yi magana da bakinsa bai sani ba. Gara ka kawo amsa hamsin da ka taka ka samo, ka rubuta a fili cewa hamsin ne, da ɗari biyu na ƙarya. In wanda ka je nema ba ya nan, ka koma gobe. In sakamakon ya saɓa wa abin da malaminka ke so, ko ƙungiyar da ta biya kuɗin aikin, ko jam'iyyar da kake ƙauna, ka sake duba lissafinka da kyau, in ya tsaya ka rubuta shi yadda yake cikin ladabi, ka kuma ajiye bayananka inda mai shakka zai iya dubawa.

Kada kuma ku sa ran yabo da wuri. Tsakanin bugun wayar farko zuwa gidajen abincin New Jersey da kiran da aka yi wa Card daga Suwidin kan lambar Nobel akwai shekara 29. Alan Krueger, wanda suka yi aikin tare suka kuma sha sukan tare, ya rasu a watan Maris na 2019 yana da shekara 58, kuma ba a ba mamaci wannan lamba.

Don haka ina roƙonku, kafin zangon karatun nan ya ƙare kowannenku ya zaɓi sana'a guda a unguwarsu, ko teloli ko masu yin bulo ko malaman makarantun kuɗi ko 'yan matan da ke jiran shago. Ya nemi izininsu, ya rubuta abin da suke samu da awannin da suke yi, ya ɓoye sunayensu, ya sa kwanan wata. Bayan wata shida ya koma wurin mutanen nan dai ya sake tambaya, har da waɗanda suka bar aikin, ya bi su ya ji inda suka koma.